Murjani a Hawa na Uku

Ranar da akwatin ya cika wata uku da mako biyu, Umma ta ɗebi ruwansa a kwalba, ta ɗaure bakin da leda, ta saka a jaka tare da littafin da take rubuta awo, ta shiga motar haya zuwa shagon masu kifin ado. Shekarunta sittin da huɗu. Talatin da ɗaya daga ciki ta yi su ne a ɗakin gwaji na ma'aikatar tace ruwan sha, tana auna ruwa safe da yamma, har ciwon karkarwa ya kama hannunta na dama. Da ta ga ta fara zubar da abin da take ɗigawa a kwalabe, sai ta ajiye aiki da kanta kafin wani ya ce ta ajiye.

A asibitin da take ganin likita ta fara ganin irin akwatin. Na gilashi ne, cike da ruwan gishiri, an ajiye shi a ɗakin jira. Ita duk saninta murjani abin wuya ne. Sai ga shi a nan da ransa, yana buɗewa yana rufewa, wani kamar ciyawa, wani kamar ƙahon barewa. Ranar sai da aka kira ta sau biyu kafin ta ji. Bayan wata guda ta sa aka kawo mata nata, mai cin lita ɗari biyu, aka hau da shi hawa na uku inda take zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta, aka ajiye shi a falo, wurin da talabijin take a da.

Wata uku babu abin kallo a ciki sai yashi da duwatsu. Gansakuka mai ruwan ƙasa ta rufe gilashin ta wuce, wata koriya mai gashi ta biyo baya. Umma ta zuba dodon koɗi shida suka cinye ta. Daga baya ta kawo kifaye biyu masu ruwan lemo da farin zane. Kullum da safe takan auna gishiri da zafi da sauran abubuwa, ta rubuta. Rubutun ya karkace, amma ba ta taɓa tsallake rana ba.

Mai shagon kowa Farfesa yake ce masa, don ko abincin kifi ba ya sayar wa mutum sai ya yi masa lacca. Ya tarbe ta da fara'a, ya jawo mata kujera.

"Mama, sannu da zuwa. Yaya jikin? Kifayen suna nan lafiya?"

"Suna nan ƙalau. Yau murjani na zo saye."

"Akwatin wata nawa ke nan?"

"Uku da mako biyu."

Farfesa ya yi dariya. "Ai jariri ne, Mama. Ko yaye ba a yi masa ba. Ruwan sabon akwati ba ya zama wuri ɗaya, yau ya hau gobe ya sauka. Ki ƙara haƙuri."

Ta ciro kwalbar da littafin ta ajiye masa a kan tebur. Kwalbar ta yi ta buga gilashin teburin kafin ta sake ta, ta kuma ga inda idonsa ya tsaya.

"Littafin za ka duba," in ji ta, "ba hannun ba."

Ya ji kunya. Ya buɗe littafin yana juya shafi, fara'ar lacca tana barin fuskarsa a hankali. Sannan ya ɗauki kwalbar ya shiga ciki ya gwada da kayansa. Ya daɗe kafin ya fito.

"Wa yake yi miki awon nan?"

"Aljanu."

"Allah ya ba ki haƙuri. Wallahi ni kaina ba na rubuta nawa haka." Ya sosa ƙeya. "To, zan ba ki masu laushi. Su suna yafe kuskure."

Ya kai ta gaban wani dogon akwati mara zurfi, inda ƙananan murjani ke jere kowanne a kan ɗan dutsensa. Ya zaɓar mata uku: wani ja mai faɗi kamar laimar kwaɗi, wani kore kamar ciyawa, da wasu ƙanana a cunkushe kamar maɓallan riga. Ya gargaɗe ta cewa maɓallan suna da dafi, kada ta taɓa su babu safar hannu. Tana sauraronsa, amma idonta yana can kusurwa, inda wani ɗan reshe mai tsawon yatsa ke kwance a yashi. Irin mai ƙahon barewa ne, ya karye daga uwarsa, launinsa ya koma ruwan ƙasa, sai ƙarshen ne kawai ya rage da ɗan shuɗi.

"Har da wancan."

"A'a, Mama. Wancan mai ƙashi ne. Sai akwati ya shekara. Ko a hannun gwanaye mutuwa yake yi."

"A nan ma ai mutuwa yake yi. Kwana nawa yana kwance a yashi?"

"Ba zan sayar miki ba."

"To kada ka sayar. Ka ba ni."

"Mama, shekara ɗaya fa kawai na ce. Me ye shekara ɗaya?"

Ta ɗaga hannun daman ta riƙe shi a gaban fuskarsa, yana ta rawa. "Bara warhaka da wannan nake saka zare a allura. Kai ka san abin da zai iya baɗi? Likitana ma bai sani ba. Ni yanzu nake da hannu."

Farfesa ya dubi hannun. Ya ɗauko leda, ya cika ta da ruwa, ya saka reshen a ciki.

"In ya mutu, kada ki ce a wurina kika samo."

"In ya rayu ma ba zan ce ba."

Da ta isa gida ta tarar da Auta, 'yarta ta ƙarshe, wadda ke koyarwa a wata makaranta kusa, ta zo ta kawo mata magani. Umma ta saka ledojin a saman ruwan akwatin don zafinsu ya daidaita, sannan ta juye su a roba, ta riƙa ƙara musu ruwan akwatin cokali-cokali na kusan awa guda. Ta wanke kowanne a ruwan magani saboda ƙwari, ta rage hasken fitila, ta saka safar hannu.

Liƙawar ce aiki. Sai an ɗiga gam a gindin ɗan dutsen, a nutsa hannu cikin ruwa, a danna shi a jikin babban dutse, a riƙe shi cak har gam ɗin ya kama. Na farko ya kuɓuce mata ya faɗa yashi. Na biyu ya manne a safar hannunta.

"Umma, kawo in yi miki."

"Zauna."

Ta cire safar ta saka wata. Ta jingina gwiwar hannunta a bakin gilashin, ta kama wuyan hannun daman da na hagu, ta danna. Ruwan yana ta motsi a kewayen hannunta, amma dutsen ya zauna. Haka ta yi wa sauran. Masu laushin ta sa su ƙasa-ƙasa, reshen kuwa ta kai shi tsakiya, inda famfo ke kaɗa ruwa. Kafin ta gama, gumi ya jiƙa mata ɗankwali.

Auta ta miƙo mata tawul, sannan ta ce, "Yaya ya kira ni jiya."

Yayan shi ne ɗan Umma na fari. Tun yana ɗan shekara bakwai ake ce masa Manaja, saboda shi ke raba wa ƙannensa wurin zama a mota. Yanzu yana aiki a wani gari mai nisan awa biyu, da matarsa da 'ya'ya uku.

"Me ya ce?"

"Ya ce ƙarshen wata zai zo ya ɗauke ki. Wai an gyara ɗakin ƙasa, babu hawan bene."

"Wa ya gaya masa na faɗi a matakala?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Na zame ne, ban faɗi ba. Kuma ki gaya masa kada ya wahalar da motarsa."

Cikin kwana uku masu laushin suka saki jiki. Mai ciyawar ya fito da gashinsa kore shar, yana kaɗawa. Maɓallan suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗigon rawaya a tsakiya. Umma takan jawo kujera bayan ta sha magani, ta zauna tana ƙirga su. Reshen ma a makon farko ya yi kamar zai yi abin kirki, shuɗin ya ɗan ƙaru.

A mako na uku ta ga wani farin layi a gindinsa. Washegari layin ya hau. Naman yana saɓulewa, yana barin farin ƙashi. Ta auna ruwan sau uku, ta duba littafinta, ta ga abin da ya faru: sinadarin da murjani ke gina ƙashi da shi ya sauka cikin kwana huɗu, ita kuma ta ƙara shi da yawa a lokaci ɗaya. Farfesa ya faɗi gaskiya, kuma ita ce ta yi kuskuren. Ta zauna ta rubuta hakan a littafin, ba ta rage komai ba. Sannan ta kira shi a waya.

"Na gaya miki, Mama."

"Ka gaya mini. Yanzu gaya mini abin da ake yi."

Ya ce babu magani sai yanka. A yanke rassan da ke da sauran rai, can sama da inda farin ya kai, a liƙa kowanne daban, a yar da gindin. Ya ce in ta jira zuwa Litinin zai zo ya yi mata.

"Zai kai Litinin?"

"Gaskiya da wuya."

"To gobe zan yi."

Goben Asabar ce, kuma ƙarshen wata. Da hantsi ta shimfiɗa tawul a teburin falo, ta jera roba da ruwan akwati, gam, ƙananan duwatsu uku, da sabuwar filaya da ta wanke. Ta ɓamɓaro reshen ta sa a robar ke nan, sai ta ji ƙarar babbar mota a ƙasa, sannan takun mutane a matakala. Manaja ya yi sallama ya shigo, Auta na bayansa, sai wasu ƙarti biyu masu ɗaukar kaya da igiya a kafaɗa.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dubi ƙartin.

"Waɗannan bayin Allah fa?"

"Kaya za su sauke, Umma. Mun yi magana."

"Kai ka yi magana. Ni ban yi ba." Ta juya ga mutanen. "Sannunku. Ku zauna a baranda, Auta za ta kawo muku shayi. Kada wanda ya taɓa ko tsintsiya."

Suka dubi Manaja, suka dube ta, suka fita baranda.

Manaja ya miƙe. Ya kalli akwatin, ya kalli wayoyin wuta da ke jibge a ƙasa kusa da bokitin ruwa, ya kalli buhun gishirin da ke bayan ƙofa.

"Umma, don Allah ki duba wannan. Ruwa da wuta wuri ɗaya. Bokiti ki ɗauka, matakala ki hau. Kin faɗi ba ki gaya mini ba. Kin ƙone da butar shayi, sai a bakin Auta na ji. In wani abu ya same ki a nan, kwana nawa za a yi kafin a sani?"

"Auta na zuwa kullum."

"Auta na da aikinta. A can akwai mutane, akwai jikokinki. Akwatin ma in kin matsa sai a kai shi."

"Ba a ɗaga shi. In aka kwashe ruwan aka motsa yashin, komai ya koma farko, abin da ke ciki ya mutu."

"To ya mutu mana! Duwatsu ne fa, Umma. Saboda duwatsu za ki zauna ki karya ƙugu?"

Auta ta tsaya cak da tire a hannu. Shi kansa ya ji muryarsa ta yi sama, ya sauke kai.

Umma ba ta ɗaga tata ba. "Ba saboda su ba ne. Ko babu su ba zan tafi ba. A gidanka matarka za ta zuba mini abinci, ta yanka mini nama ƙanana-ƙanana. Za a karɓe mini buta, a karɓe mini wuƙa, a ce Umma zauna, Umma huta. Duk don ƙauna, na sani. Wata shida za a yi in manta yadda ake kunna risho. Ciwon nan hannuna ya kama, kaina yana nan. Ranar da na kasa, da bakina zan gaya maka, ba sai ka zo da igiya ba."

"Ba za ki faɗa ba. Na san ki."

"To ka san ni, me ya kawo mota?"

Ta saka tabarau, ta jawo robar gabanta, ta ɗauki filayar.

"Matsa, ka tare mini haske."

Reshen yana da ƙananan rassa uku masu sauran launi. Ta riƙe gindin da hannun hagu, ta kai filayar da na dama. Bakin filayar ya yi ta kewaya reshen yana ƙin tsayawa. Ta ajiye, ta numfasa, ta sake ɗauka. A karo na uku ta dafe hannun a gefen tebur, ta matse. Ƙas! Ɗan reshen ya faɗa robar. Na biyu ma haka. Na uku ya yi tsalle ya bar teburin gaba ɗaya, ya gangara ƙarƙashin kujera.

Manaja ne ya kwanta rub da ciki da kayansa masu guga, ya laluba ya ciro shi.

"Cikin ruwa, maza! Kada ka murza shi."

Ya saka. Ya tsaya yana kallon abin a cikin robar, ɗan guntu bai kai gaɓar yatsa ba.

"Wai wannan yana da rai?"

"Duba da kyau. Ka ga 'yan ramukan nan? Kowanne baki ne."

Ta ɗiga gam a dutse na farko, ya zubo fiye da yadda take so, ta kafa reshen, ya tsaya a karkace. Na biyu ya fi shi karkacewa. Hannun ya gaji, rawar ta ƙaru har gam ɗin ya faɗi daga yatsunta. Manaja ya ɗauka, bai miƙa mata ba. Ta dube shi na ɗan lokaci.

"Na ukun naka ne, tunda kai ka tsinto shi. Naɗe hannun riga, ka wanke hannu babu sabulu. Agogon ma cire."

Ya yi yadda ta ce. Ya kafa nasa a miƙe sak, ya nutsa hannu har kafaɗa ya ajiye shi inda ta nuna, tana ta faɗa masa ya yi hagu, ya yi ƙasa, ba nan ba. Ruwa ya jiƙa masa riga. Ɗaya daga cikin kifayen ya zo ya cije shi a hannu, ya zabura ya kusa ture fitilar. Auta ta ƙyalƙyale da dariya, har masu ɗaukar kaya suka leƙo ta taga.

Bayan azahar ya sallami motar, ta koma babu ko kujera. Bai daina fushi ba. Ya ci abinci yana cika yana batsewa, sannan ya fita ya dawo da mai gyaran wuta, aka ɗaga wayoyin duka aka kafa su a bango sama da akwatin. Ya sa aka buga ƙarfen dafawa a matakala da banɗaki. Ya ce bokiti kuwa ya haramta, ya sayo dogon tiyo da ɗan famfo. Umma ta ce tiyon ya yi tsawo, ƙarfen kuma launinsa irin na asibiti ne, amma ba ta hana ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Maganar nan ba ta ƙare ba, Umma."

"Na sani. Ka gaida mutanen gidan."

Cikin mako guda ɗaya daga nata ya yi fari fat, ta cire shi. Bayan kwana goma na Manaja ya bi shi. Saura ɗaya, wanda ya fi duka karkacewa. Ya yi wata guda bai mutu ba, bai kuma yi komai ba. Umma ta daina ƙara sinadari da yawa, ta koma ɗigo kaɗan kullum a lokaci ɗaya. Hannun ya ƙara lalacewa a watannin, likita ya canza mata magani, ta koma rubutu da hagu, ta kuma bar wa Auta yankan albasa ba tare da an yi gardama ba. A mako na bakwai ta ga naman reshen ya sauko ya rufe gam ɗin, ya fara shimfiɗuwa a kan dutse kamar bakin ƙwarya.

Tana canjin ruwa ran nan da yamma Manaja ya kira.

"Umma, yaya jikin?"

"Jiki yana nan yadda ka san shi."

"Yaya nawa reshen?"

"Naka ya daɗe da rasuwa. Gam ka cika masa."

"Ni? Ke fa kika ce in ƙara!"

"Ban ce ba. Nawa dai ya kama dutse."

Sai ya ce yaran suna ta damunsa a kawo su su ga kifin da ya ciji babansu, ko za su iya zuwa ran Asabar.

"Ku zo. Amma ka gaya wa ƙaramin, wanda ya buga mini gilashi a baranda zai wuni. Ajiye wayar, ruwa zai zube mini."